Ƙananan kwalaben giyar inabi suna zurmawa a kantar ajiya, yaya za a yi da su?

Kafintan Bordo:
Barkanmu da yamma 'yan zaure. Akwai aikin da ke hannuna, ina neman shawarar waɗanda suka riga ni riƙe zarto. Wani dattijo Bafaranshe a wani ƙauye kudu da Bordo ya kira ni in gyara masa kantocin ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, inda yake ajiyar giyar inabi. Kantar irin mai gurbi ɗaiɗai ce: ginshiƙai a tsaye, an buga siraran katako hagu da dama a jikinsu, kwalba ta kwanta a kai. Faɗin gurbi santimita 9.5, kowane siririn katako 1.5, ratar da ta rage a tsakiya 6.5 ke nan. Babbar kwalba mai mililita 750 tana zama daram, don kaurinta ya kai 7.5. To amma yana da ƙanana masu 375 wajen sittin, kaurinsu bai wuce 6 ba. Da ka ɗora sai ta zurma ta faɗa kan ta ƙasa. Ya ce bara ɗaya ta fashe masa, shi ya sa ya kwashe su ya jera a kan siminti jikin bango, wasu kuma a kwalin da ya soma jiƙewa. Ba ya son a rushe kantar, mahaifinsa ne ya sa aka yi ta. Ni abin da ya zo mini shi ne in yanka falanki mara kauri in shimfiɗa a kowane gurbi. Me kuka gani?

Baba Mai Zarto:
Ɗana, falankin zai hana faɗuwa, amma ba zai hana gangarawa ba. Kwalba mai kauri 6 a fili mai faɗi 9.5, tana da wurin yin birgima hagu da dama. Duk sanda aka zaro ta kusa da ita sai ta motsa. In dai falankin za ka yi, to ka tsaga masa kwari a tsakiya, ko ka manna masa ƙananan katako biyu ta zauna a tsakaninsu. Ka lissafa wannan sau sittin ka ga yinin da zai ci maka. Kafin komai ma, kwalaben duk iri ɗaya ne? Ka ɗora tef a kansu ɗaya bayan ɗaya ko ido ka yi wa awo?

Kafintan Bordo:
Baba, guda biyar na auna, duk masu kafaɗa irin na Bordo. Tsawonsu wajen 24, babbar kuwa 30. Sauran ban auna ba, na cikin kwali ma ban buɗe ba tukuna.

Baba Mai Zarto:
To koma ka buɗe. Kada ka sa zarto a katako sai ka ga ta ƙarshe.

Antin Landan:
Ƙanena, ka ji maganar Baba. Ni aikina ke nan a gidan abincin da nake, ni ke karɓar kaya in jera in ƙirga, kuma ƙananan kwalabe su suka fi ba ni wahala. Mutum yana jin rabin kwalba sai ya ɗauka komai nata rabi ne. Abin da ke ciki ne kawai rabi. Ta Bordo mai kafaɗa ce madaidaiciya, ita ce mai sauƙin hali. Ta yankin Burgundi na Faransa kafaɗarta a zube take, gindinta ya fi faɗi. Ta Shamfen gilashinta mai kauri ne saboda iskar da ke matse a ciki, ƙaramarta ma takan kai santimita 7. Ta yankin Alzas na Faransa da ta Jamus doguwa ce siririya. Tunda mutumin naka kudu da Bordo yake, na tabbata rabin abin da ke cikin kwalin nan Sauternes ne, mai zaƙin nan ruwan zinariya, don ita aka fi sayarwa a ƙaramar kwalba. Ba a shan ta da yawa a zama ɗaya, ɗan kofi ne bayan abinci.

Ɗan Damagaram:
Ni fa ban ga abin wahala a nan ba. Ka sayi bututun roba na masu aikin famfo, wanda cikinsa ya kai santimita 7, ka yayyanka tsawon 25, ka zura a kowane gurbi. Kaurin bututun ya fi ratar 6.5, ba zai zurma ba, kwalba kuma ta shige ciki ta kwanta. Awa biyu ka gama. Na ga an yi haka a wani gida a Liyon da na je jan waya.

Baba Mai Zarto:
Zai yi aiki, ban musa ba. Amma mutumin da ya ƙi a rushe kanta don ta mahaifinsa ce, kana ganin zai yarda a cika masa ita da bututun bayan gida?

Ɗan Damagaram:
Baba, a ƙarƙashin ƙasa ne fa, cikin duhu. Wa zai gani?

Antin Landan:
Shi zai gani, kuma can yake kai baƙinsa. Masu irin wannan ɗaki ba sa barin baƙo ya tafi bai sauka ya duba ba. Ban da haka, bututu yana da illa biyu da na gani da idona. Bakinsa in ba a goge da samfefa ba yana kankare takardar jikin kwalba wajen zurawa da zarowa. Sannan a ɗaki mai laima, iska ba ta zagayawa a cikinsa, takardar sai ta yi fumfuna ta ruɓe. Kwalbar da takardarta ta lalace darajarta ta faɗi ko da abin cikin lafiya lau yake. In ma bututu ake so, akwai na jan yumɓu da ake ginawa da shi a tsofaffin ɗakunan Faransa, shi yana numfashi, sai dai nauyi, ba zai hau wannan kantar ba.

Malam na Burusal:
Assalamu alaikum. Ba don in katse muku zance ba, amma akwai haƙƙi a kaina in faɗa. Tirmizi ya ruwaito hadisi daga Anas cewa mutum goma aka la'anta a kan giya, ciki har da mai matse ta da mai ɗaukar ta da mai sayar da ita. Malamai da yawa suna sa duk wani taimako a kanta a ƙarƙashin wannan. Na san zaman Turai da wuya, aiki ba ya samuwa yadda ake so, amma ɗan'uwa Musulmi ya yi tunani kafin ya karɓi irin wannan.

Kafintan Bordo:
Wa alaikumus salam Malam, na gode, kuma na san don Allah ka faɗa. Ni Kirista ne, daga Filato na fito. Da na san zai dami wasu da na sa gargaɗi a sama.

Baba Mai Zarto:
Malam ya yi gaskiya a kan abin da ya shafe mu, ni kaina ba na karɓar aikin ɗakin giya a nan Hambug. Irin wannan kantar na yi wa wani mai shagon man zaitun, kwalabensa ma manya da ƙanana ne, daga nan na san matsalar. Yaron nan tambayar awon katako ya yi, kuma ɗanmu ne a sana'a.

Mai Kula da Zaure:
Malam ya isar, an ji. Zauren nan na masu sana'ar hannu ne, akwai Musulmi akwai Kirista. Wanda zancen bai kwanta masa ba ya wuce zuwa na gaba. A ci gaba.

Ɗan Damagaram:
To ga wata tambaya. Dole ne sai sun kwanta? Me zai hana ka buga masa kanta shimfiɗaɗɗiya guda biyu, ya jera su a tsaye kamar a shago? Babu zurmawa, babu birgima.

Antin Landan:
Nan ne ake jayayya har a tsakanin masanan. Abin da aka gada shi ne a kwantar, don giyar ta riƙa taɓa matoshin kada ya bushe ya tsuke iska ta shiga. Matoshin ɓawon wata bishiya ce, Fotugal ke fitar da wajen rabin na duniya, duk shekara tara ake ɓare bishiyar sau ɗaya. A 2018 shugaban sashen bincike na Amorim, kamfanin da ya fi kowa yin matosai, ya fito ya ce kwantarwar ba dole ba ce, don 'yar iskar da ke wuyan kwalba cike take da danshi, matoshin ba zai bushe ta ciki ba. Maganar ta tayar da ƙura sosai. Ni dai ga inda na tsaya: mai murfin murɗawa, irin wanda Ostareliya da New Zealand suka fi amfani da shi, ka tsayar da ita yadda ka ga dama. Wadda za a sha cikin shekara ɗaya, ita ma babu damuwa. Amma wadda za ta shekara ashirin, ban ga dalilin da zai sa in yi gwaji da dukiyar mutum ba. Gidajen da suke yin giyar kansu a kwance suke ajiye tasu. Kuma dattijon Bordo ba zai saurari wannan zancen ba ko da wa ya faɗa.

Sannan akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda ban ji kowa ya taɓo ba. Ƙanena, tambayarka ita ce yaya za su zauna. Ni tambayata a ina za su zauna.

Kafintan Bordo:
Anti, na yi niyyar in ba su layukan can sama, kusa da rufi, tunda ba su da nauyi kuma nan ne babu kowa.

Antin Landan:
Nan ne kuwa bai kamata su je ba. Ɗauki ƙaramar da babbar ka haɗa bakinsu ka gani: wuyan ɗaya ne, matoshin kauri ɗaya, 'yar iskar da ke tsakanin matoshi da giya kusan ɗaya. Iskar da ke ratsawa a hankali cikin shekaru ita ke tsufar da giya. To iska ɗaya, amma a ƙaramar rabin giya take aiki a kai, shi ya sa take rigan babbar nuna, take kuma rigan ta gajiya. Dalilin da ya sa masu ajiya mai tsawo ke neman babbar nan mai lita ɗaya da rabi ke nan, ita ce mai tafiyar hawainiya. Ƙari a kan haka, ƙaramin tulu ya fi randa saurin ɗaukar zafi. In ɗakin ya ɗumama da rani, ƙaramar ce ke fara ji. Zafi kuma sama yake taruwa, kusa da rufi, kusa da ƙwan lantarki. Ka ga ka ɗauki mafi rauni ka kai ta wuri mafi muni, kuma inda ido ba ya kaiwa, a manta da ita shekara goma.

Jar giya ko fara marar zaƙi a ƙaramar kwalba, wurinta daidai ƙirji zuwa ido, kusa da hannu, inda duk saukowar da zai yi sai ya gan ta ya tuna lokacinta na wucewa. Sauternes ce kaɗai zan ce a kai ƙasa can a ƙyale ta. Ita sukarinta da tsaminta suna riƙe ta. Yankin nasu yana inda ƙaramin kogin Ciron mai sanyi ke shiga kogin Garonne, da kaka hazo kan rufe gonakin da safe, wata irin fumfuna ta kama 'ya'yan inabin ta tsotse ruwansu, zaƙin ya taru. Ana bin gona sau da yawa ana tsinkar waɗanda suka kai kawai, shi ya sa take da tsada. Mai kyau daga cikinta, irin ta gidan Château d'Yquem da aka ɗora sama da kowa tun a jerin darajar giyar Bordo na 1855, ko a ƙaramar kwalba tana shekaru gommai ba ta gaji ba. In ka ga 2001 a jikin wata, ka riƙe ta da hannu biyu, shekara ce da ta yi suna a wurinsu.

Kafintan Bordo:
Anti, Allah ya saka. Wannan bai zo mini a rai ba sam, ni nauyi kawai nake dubawa.

Ƙanin Toronto:
Yaya, ƙarin abu ɗaya daga nan Kanada. A yankin Niyagara ana yin wata mai zaƙi da inabin da aka bari ya daskare a jikin kurangarsa, ba a tsinka sai sanyi ya kai digiri 8 ƙasa da sifiri. Ita ma 375 ce, amma kwalbar siririya ce ƙwarai, kaurinta wajen santimita 5, tsawonta kuwa ya wuce na babbar kwalba. In mutumin yana da irinta ko guda biyu, duk awon da ka yi wa masu tsawon 24 ba zai karɓe ta ba, wuyanta zai leƙo waje har hannun riga ya iya kamo ta.

Antin Landan:
Haka ne. Akwai kuma Tokaji ta Hangari mai mililita 500, da wata rawaya ta yankin Jura na Faransa a gajeriyar kwalba mai 620. Ba rabi ba ne, ba cikakkiya ba. Masu tara giya ba sa rasa ɗaya ko biyu da aka kawo musu tsaraba.

Ɗan Damagaram:
To tunda siffofin sun yi yawa haka, ku bar gurbi ɗaiɗai mana. A yi babban akwati a raba shi da katako biyu a gicciye, a tula su a ciki kan juna. Kowace iri ta shiga.

Baba Mai Zarto:
Tulawa tana yi ne in kwalaben iri ɗaya ne masu jiki madaidaici, kamar na Bordo. Masu zubabbiyar kafaɗa in ka ɗora su kan juna, ta sama tana sulɓowa gaba a hankali, wata rana ka tarar da ita a ƙasa. In ka gauraya manya da ƙanana kuwa, ka zaro ɗaya daga tsakiya duk tulin ya motsa. Kuma wadda ke ƙasa ba a isa gare ta sai an kwashe na sama. Ga dattijo mai sauka da sanda, ban ba da wannan shawara ba.

Ɗana, ga abin da zan yi in ni ne. Kada ka taɓa tsohuwar kanta ko da ƙusa ɗaya. Nemi bango inda ke da fili kamu biyu, ka gina sabuwa siririya, layi uku, da katako mai launin tsohuwar. Faɗin gurbi 7.5, siraran katakon 1.5 kowane gefe, rata ta zama 4.5. Ta Bordo za ta zauna, ta Shamfen za ta shiga, siririyar Kanada ma ba za ta zurma ba. Daga gurbi zuwa na samansa ka ba da 8. Tsayin 160 zai ba ka ashirin a layi, uku sittin. Ginshiƙai huɗu masu kauri 2, faɗin duka 30.5 ke nan. Zurfin ka yi shi daidai da tsohuwar don fuska ta zo ɗaya, sai ka sa ɗan katako mai santimita 6 a bayan kowane gurbi ya tokare gindin kwalba, kada ta shige ciki hannu ya kasa kamo wuyanta. Wannan tokarin kada ka manna shi da gam, ka bar shi a zare, in doguwa ta zo a cire. Ka ɗaga ƙafar daga siminti, kuma ka ɗaure ta a bango da sukuru sama da ƙasa. Kwalba sittin sun haura kilo 40, ga abin dogo siriri, yaro ya ja ta sau ɗaya ta taho.

Antin Landan:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara a kan katakon: kada ka kawo mai ƙamshi, kada ka shafa fenti ko mai mai wari, kada kuma ka yi amfani da wanda aka jiƙa da maganin gara. Akwai magungunan katako masu sinadarin kulorin da fumfuna ke juyawa su zama wani abu da ake kira TCA, ɗan kaɗan ɗinsa yana sa giya warin jiƙaƙƙen kwali. An yi gidajen giya a Faransa da sai da suka sauya katakon rufinsu saboda shi. Don haka ma ka gaya wa mai gidan kada a wanke ɗakin da bilic. Jiƙaƙƙun kwalayen nan kuma a fitar da su yau, ba gobe ba.

Ɗan Damagaram:
Na sauka daga kan bututu. Amma ta fannina, ka duba fitilar ɗakin. In tsohon ƙwai ne mai zafi, a sauya da LED, a kuma sa makunni a bakin ƙofa don kada a manta da ita a kunne. Ka rataya ma'aunin zafi da danshi, ba shi da tsada. Digiri 12 zuwa 14 ake so, danshi kashi 60 zuwa 70, kuma rashin hawa da sauka ya fi lambar kanta muhimmanci. In akwai tukunyar ɗumama gida ko injin wanki a ƙasan, sabuwar kantar ta yi nesa da su, ga zafi ga girgiza.

Kafintan Bordo:
Na dawo daga gidan, mun buɗe komai ni da shi. 58 ne. Sauternes 31, jar Bordo 17, Shamfen 6, na Alzas dogaye 4. Babu ta Kanada. Goma sha biyu daga cikin Sauternes ɗin suna cikin akwatinsu na katako ba a ma cire ƙusa ba, ya ce a bar su haka, zan yi musu ɗan dandamali a ƙasa su bar kan siminti. Saura 46, sai na rage tsayin, layi uku masu goma sha shida. Da na gaya masa maganar Anti ta cewa ƙanana na rigan manya tsufa, ya yi shiru, ya ɗauko wata ja ya ɗaga ta a gaban fitila. Giyar ta sauka har ƙasan wuya, ta kusa taɓa kafaɗa, ga wani danƙo da ya bushe a gefen murfin. Ya ce tun bikin 'yarsa take nan. Ya ware guda biyar irinta ya hau da su sama.

Bangon da ke da fili yana kusa da ƙofa, inda iskar sama ke shigowa in an buɗe. Ɗaya gefen mai sanyi sai an matsar da wani tsohon kabad. Wanne zan ɗauka?

Antin Landan:
A matsar da kabad ɗin. Bakin ƙofa ka bar wa ruwan kwalba da abin da za a sha a makon. Kuma ka saya masa 'yan takardun nan da ake ratayawa a wuya, ya rubuta suna da shekara, don ya daina zaro kowace yana dubawa.

Baba Mai Zarto:
Kafin ka huda wancan bangon ka ɗora tafin hannu ka ji ko yana tsattsafo. In da laima, bar rata santimita 2 tsakaninsa da katako, ka sa sukurun da ba ya tsatsa. Shamfen shidan nan ka gwada su a gurbin farko tun a shago kafin ka yanka sauran, wasu gidajen kwalbarsu ta fi ta wasu ƙiba.

Kafintan Bordo:
To Baba. Ya ba ni aron guda ɗaya mafi ƙiba da ɗaya ta Alzas in tafi da su shago. Katakon oak ne tsohuwar, zan je nemo mai kama da shi ranar Litinin.